Manajan Da Ya Hana Zagi

A shekarar da soja suka ce sun gaji za su koma bariki, babu wanda kasuwarsa ta buɗe a birnin Kano kamar tela. An gama zaɓe, an san waɗanda suka ci, kuma duk wanda ya ci, daga kansila zuwa sama, ya gano cewa ba a rantsar da mutum a cikin kaftani. Babbar riga ake so, mai faɗin da in ka ɗaga hannu za ta rufe fuskar na kusa da kai. Waɗanda suka faɗi ma ɗinkawa suke yi, don kada a ce faɗuwar ta nuna a jikinsu.

Ana cikin wannan ganiya Hajiya 'Yardada ta aika a kira mata Isyaku, ɗan ƙaninta. Ita ce mai gidan ɗinkin nan na Shahuci da mijinta ya mutu ya bar mata, wani ƙaton soro a gaban gidanta cike da kekuna. Tagar ɗakinta a jikin soron take, duk abin da aka faɗa a can yana kunnenta. Manajan da ke riƙe mata wurin ya tsaya takarar kansila ya ci, yanzu shi ma riga yake jira a ɗinka masa.

Isyaku kuwa a zaune yake. Ya daɗe a wani ofishin gwamnati yana riƙe wa wani hafsan soja jaka, yana buɗe masa ƙofar mota. Hafsan ya tattara nasa ya tafi, aka ce wa Isyaku ya je gida za a neme shi. Bai yi zaman banza ba. Ya tafi Kaduna wani taron bita kan shugabanci a zamanin dimokuraɗiyya, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, da sabon harshe a baka. Mutumin da a da in direba ya makara yake sa shi tsallen kwaɗo, yanzu ba ya buɗe baki sai ya ambaci 'yancin ɗan'adam.

Gwaggon tasa ba ta ja magana ba. Ta ce zai riƙe mata gidan ɗinkin, amma ba ta ba shi wurin ba tukuna, aro ne. Akwai aikin Honarabul Audu, sabon ɗan majalisa: rigunan 'yan rakiyarsa, da tasa ta ranar rantsuwa. In aikin ya fita lafiya, za ta sa a fito masa da kujerar marigayi, wadda ake mayarwa ɗakinta duk sanda wurin ba shi da mai riƙo. In bai fita ba, ya hau besfarsa ya koma jiran waɗanda suka ce za su neme shi.

Isyaku ya ce ta kwantar da hankalinta, ai shugabanci ilimi ne, kuma ya karanto shi. Washegari ya iso cikin kwat da wando masu ruwan toka, ya buga ƙusa ya rataye takardar shaidarsa, ya zauna a bencin da ke ƙarƙashinta yana kallon wurin da kujera za ta zauna.

Mutum biyu ne ginshiƙin soron. Malam Jafaru shi ne mai yanka, dattijo siriri, Bafillacen da kakanninsa suka jingine sanda suka zauna a gindin Dala tun ba a haifi uban kowa a wurin ba. Shi yake shimfiɗa yadi, ya fitar da wuya, ya zana aikin da za a bi da zare. Manyan gari ba sunan gidan suke bi ba, hannun Jafaru suke bi. Kusa da teburinsa keken Gambo yake, mai aikin zare, Babarbare daga Zangon Barebari, ƙato mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Sauran teloli, su Sabo, duk magidanta ne, amma duk a hannun waɗannan biyun suka koyi riƙe almakashi.

Da hantsi Honarabul Audu ya zo awo, gajere mai tumbi, da mutane a bayansa ɗauke da bandiran farar shadda. Tasa ta daban ce, a hammatarsa ya riƙo ta. Ya ce daga waje aka yo masa odarta, ko Kantin Kwari aka zazzage ba za a sami irinta ba. Malam Jafaru ya ɗauki ɗaya daga cikin na 'yan rakiya ya shimfiɗa don ya nuna yadda za a fitar da ita. Gambo ko ɗago kai bai yi sosai ba.

"Bafillace, juya ta. Shadda ce, ba saniya ba ce da za ka tsuguna ta bayanta kana jiran nono."

Malam Jafaru ya juya yadin ba tare da ya dube shi ba, ya ce bawa ba ya sa baki in ubangidansa yana ganawa da manya. Honarabul ya yi dariya har hularsa ta karkace. Isyaku kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya.

Ba wai bai san wasan Fulani da Barebari ba ne. A birnin nan aka haife shi, ya san kowannensu cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Amma a Kaduna an gaya musu cewa shugaba na gari shi ne mai kare mutuncin ma'aikaci. Wasa yana da wurinsa, gidan biki ko bakin kasuwa. A ce a gaban ɗan majalisa ana haɗa dattijo da gindin saniya? Wannan ai zaman kara-zube ne, irin na kafin zuwansa.

Honarabul na fita ya tafa hannu ya kira taro. Kekuna suka tsaya. Ya yi jawabi mai tsawo kan sabon zamani, ya ce shi ba soja ba ne, ba zai kafa doka da ƙarfi ba, ƙuri'a za a kaɗa. Duk wanda ya yarda a hana zagi da baƙar magana a wurin aiki, ko da sunan wasa ne, ya ɗaga hannu.

Teloli suka dubi juna, suka dubi tagar Hajiya, suka tuna ɗan wa ke magana. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Sabo ma biyu ya ɗaga, da almakashi a ɗaya. Isyaku ya ce to, alhamdulillahi, babu hamayya.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma a bitar an ce musu sulhu ba ya cika sai mai laifi ya nemi gafara a gaban shaidu. Saboda haka ya umarci Gambo ya taso ya ba Malam Jafaru haƙuri.

Gambo ya daɗe yana kallon Isyaku, sannan ya miƙe a hankali, ya zo gaban teburin yanka, ya kai gwiwa ƙasa. Ya ce Malam ya yafe masa abin da ya faɗa yau da wanda ya faɗa a baya. Malam Jafaru bai dube shi ba, bakin almakashinsa yake kallo. Can ya ce ya yafe, da wata murya da ba a san shi da ita ba.

Isyaku ya yi musu tafi shi kaɗai.

Daga ranar wurin ya zama abin da yake mafarki. Ba ka jin komai sai ƙarar kekuna. Da safe Gambo zai cire takalmi a bakin teburin yanka, ya rusuna, ya ce Allah ya ja zamanin Malam, an tashi lafiya? Malam Jafaru ya amsa da lafiya lau Malam Gambo, ya iyali? Shi ke nan sai gobe. Goron da suka saba ɓarawa biyu kowa ya koma cin nasa. Akushin da suke haɗuwa a kai da azahar, Jafaru ya ce cikinsa ba ya son abinci da rana yanzu.

Isyaku ya ga wannan duka, ya kira shi natsuwa. Kullum sai ya zaga keke keke, hannu a baya, yana tambayar kowa ko akwai matsala, don an ce shugaba ya zama mai sauraro. Kowa ya ce babu, Manaja, sai alheri. Ya lura dai Sabo yana yawan tsayawa ya ƙura wa abin da yake ɗinkawa ido, ya saci kallon teburin yanka, ya ja numfashi ya ci gaba. Ya ɗauka tsabar ƙwarewa ce.

Rantsuwa ta matso. Da aka gama rigar farko ta 'yan rakiya, Isyaku ya ɗauke ta a hannu biyu ya shiga cikin gida don Gwaggo ta ga aikin ilimi. Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma. Ta karɓa, ta sa ya riƙe gefe ɗaya, suka baza ta a rana.

A nan ya gani. Gaban rigar yana ƙyalli yana ɗaukar ido, amma hannun dama a dushe yake kamar an wanke shi da toka. Bayan ma haka. An haɗa wasu ƙyallayen ta fuska, wasu ta baya. A cikin soro, a idon wanda ba tela ba, farar shadda duk ɗaya ce, a rana kuwa ko daga tsallaken titi za a gane.

Hajiya 'Yardada ba ta yi faɗa ba. Ninke rigar ta yi, ta tambaye shi ko Gambo ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa ƙalau, yana kan kekensa.

"To me ya kama masa baki? Ina nan ina sauraro, na ɗauka rasuwa aka yi masa."

Isyaku ya ba ta labarin ƙuri'a, da durƙuso, da yadda babu hamayya. Ta saurara har ya gama. Sannan ta gaya masa abin da kowa a soron ya sani ban da shi. Idon Malam Jafaru ya daɗe da yin rauni. Hannun yana nan, babu kamarsa, amma fuskar farar shadda da bayanta sun fara rikice masa. Wa zai dubi tsabar idon mutumin da ya koya masa sana'a ya ce Baba ba ka gani? Babu, sai mutum ɗaya da Allah ya halatta masa. Marigayi da kansa ya ja keken Gambo ya kai shi jikin teburin yanka. In Gambo ya ce juya, Jafaru ya juya ya rama zagin, an gyara aiki, ba wanda ya ji kunya.

Isyaku ya dubi rigar da ke hannunta. Ya tambaya ko za ta kira Malam Jafaru ta yi masa magana.

Ta ce ita? Mutumin da ya sauka cikin kabarin mijinta ya karɓe shi? Ta kuma gargaɗe shi: in ya kunyata dattijon har ya naɗe almakashinsa ya tafi, to manyan gari sun tafi tare da shi. Rigunan 'yan rakiya a iya farke su a juya waɗanda ba a yi wa zare ba. Amma shaddar Honarabul guda ɗaya ce, kuma ta ji gobe da safe za a yanka ta. In aka fitar da wuya aka zana aiki ta baya, an gama.

"Kai ne manaja," in ji ta, ta miƙa masa rigar.

Ya fara da Sabo. Ya ja shi waje ya ce gobe in Malam ya shimfiɗa ta baya, ya yi masa nuni cikin ladabi. Sabo ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Ya ce Malam ne ya je ya karɓo masa auren uwar 'ya'yansa, gara a kore shi daga aikin. Isyaku ya tambaye shi me ya sa kullum yake cewa babu matsala. Sabo ya ce ai Manaja tambaya yake yi a gaban kowa.

Sai Isyaku ya ce bari ya gwada da kansa. Ya je gaban teburin yanka ya rusuna. Ya gaishe da Malam Jafaru, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya tambayi zafi, ya dawo kan jikoki. Dattijon ya ɗago jajayen idanunsa masu ruwa-ruwa yana jira. Isyaku ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa ya zo ne ya yaba da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ya koma ga abin da ya iya. Ya tafa hannu, ya ce bayan nazari mai zurfi, duk wanda ya yarda a soke dokar hana zagi ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, da saurin da suka tashi ran farko. Ya ce to an soke, kowa ya saki jiki. Ya tsaya yana jira. Gambo ya juya ya dubi Malam Jafaru, ya rusunar da kai, ya ce Allah ya ja zamanin Malam, ko zai taimaka ya miƙo masa alli?

Bayan la'asar Isyaku ya tada besfa ya nufi Zangon Barebari. Ya sami Gambo a dakalin ƙofar gidansa. Abin da bai taɓa zaton zai yi a rayuwarsa ba shi ya yi: ya zauna yana roƙon dattijo, don Allah don Annabi, ya zagi wani dattijon.

Gambo ya bar shi ya gama. Ya ce durƙuson ba shi ne ya dame shi ba, ko da yake kakanninsa sun juya a kabari. Umarnin mai riƙe da wuri ne, ya bi.

"Amma Jafaru cewa ya yi ya yafe. Ka ji? Da ya ce tashi bawan banza, da an wuce wurin. Wanda ya yafe, ai an yi masa laifi ke nan. Ashe duk shekarun nan ƙullata yake yi ban sani ba. To na daina, ya huta."

Isyaku ya miƙe. Ya yi sallama ya nufi Dala.

Malam Jafaru yana soronsa a kan buzu. Wannan karon Isyaku bai yi jawabi ba. Ya gaishe shi ya yi shiru, don bai san abin da zai ce ba, shirun kuwa ya yi masa aikin da jawabi bai taɓa yi ba. Dattijon ya fara magana da kansa. Ya ce tun suna samari suke tare da Gambo, Gambon ne ya riƙe masa kai ranar da aka cire masa haƙori. Amma a wayi gari ya durƙusa masa kamar baƙo, a gaban yaran da suka raina? Me zai ce, ga manaja a tsaye yana jiran amsa? Tun daga ranar, in Gambo ya ce masa Allah ya ja zamani, ji yake kamar an mare shi.

Isyaku ya ce to ai sai Baba ya fara tsokanarsa gobe. Malam Jafaru ya ce wanda ya yanke igiya shi ke ƙulla ta. Haushi ya kama Isyaku, ya ce shi ma dai Baba Gambo taurin kai ne da shi kamar jaki.

Fuskar dattijon ta canza nan take. Ya gyara zama, ya ce wannan kalmar kada ta sake fita a soronsa, Gambo ba sa'an Isyaku ba ne. Ya ɗauki butarsa, alamar an gama.

Isyaku ya fito. Ya hau besfa, ya taka, ta ƙi tashi. Ya sake takawa. Yana cikin takawar ne ya tsaya cak da ƙafa a sama, yana tuna yadda idon dattijon ya kawo wuta. Ya daɗe a haka har wani mai kura ya ce masa Malam a ba mu hanya. Abin da ya faɗo masa ba ya cikin abin da aka koyar a Kaduna, kuma ya san wanda zai sha kunya a ciki.

Da safe aka share teburin yanka. Malam Jafaru ya yi bisimilla, ya warware shaddar Honarabul, ya shafa ta da tafin hannu, ya kara ta kusa da ido, ya shimfiɗa. Isyaku ya dubi Sabo. Sabo ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Ta baya ce. Gambo yana zura zare a allurar kekensa, ya zura ya zare, ya zura ya zare, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bakinsa a rufe. Malam Jafaru ya ninka wurin wuya, ya ɗauki almakashi.

Isyaku ya taso daga bencinsa ya tsaya a tsakiyar soron, ya ɗaga murya yadda har tagar Hajiya za ta ji.

"Baba Gambo, wai ni kam ku Barebari, ban da dakon kanwa da cika ciki da burabusko, me kuka iya? Ko tsagen fuskar ne yake kare muku gani?"

Kekuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce innalillahi a ƙasan maƙoshi. Gambo ya juyo a hankali, bai ma gama yarda da abin da kunnensa ya ji ba. Amma kafin ya yi magana, aka ji ƙarar almakashi a kan tebur. Malam Jafaru ne ya ajiye shi.

"Isyaku, uwarka Bafillata ce?"

"A'a, Baba."

"Ubanka fa?"

"A'a."

"To wa ya ara maka bakin da za ka taɓa min bawa? Wannan ƙaton da kake gani gadonsa na yi, kakana ya sayi kakansa da ƙwaryar nono, har aka ba shi canji. Ni ke zaginsa, ni ke ba shi goro. Kai a su wa?"

Gambo ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Gadon wa? Kai da aka tsinto a bayan garke? Makaho, juya shaddar mutane kafin ka jawo mana ɗauri. Har yau bayan saniya kake nema?"

Malam Jafaru ya dubi yadin. Ya kama gefensa ya juya, ƙyallin ya tashi har a jikin bango. Ko gezau bai yi ba. Ya ce da gangan ya yi, yana so ya gani ko bawan nasa yana da sauran amfani ko a kai shi kasuwa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Duk abin da Gambo ya haɗiye tun ranar ƙuri'a ya amayar da shi, riga bayan riga: wadda aka juya wa hannu, wadda aka juya wa baya, wadda ya ce ko akuya aka ba ta za ta fi haka tsari. Jafaru yana ramawa yana yanka. Su Sabo suka kwaso rigunan 'yan rakiya suna farkewa, kafaɗunsu na girgiza, ba mai iya ɗago kai.

Sai da wuyan rigar Honarabul ya fita daidai, sannan dattawan biyu suka tuna da mai laifi. A kan wannan bakinsu ɗaya ne. Yaro Bahaushe, ba dangin wasa ba, ya zagi sa'an ubansa a bainar jama'a. Suka yanke masa tarar ƙwaryar fura da goro, kuma ya nemi gafara a gaban shaidu, tunda shi ya kawo tsarin. Isyaku ya tattare wandon kwat ɗinsa ya kai gwiwa ƙasa a gaban keken Gambo, daidai ƙarƙashin takardar shaidarsa. Gambo ya bar shi a nan har ya gama zura zare, sannan ya ce ya tashi, amma shi bai ce ya yafe ba, ya ga abin da yafiya take jawowa.

Ana gobe rantsuwa Honarabul Audu ya zo karɓar kaya. Ya zura rigar, ta sauka a jikinsa tana walƙiya, aikin zaren Gambo ya kwanta a ƙirji kamar a nan aka halicce shi. Bai duba fuska ba, bai duba baya ba. Abu ɗaya ya tambaya: ta fi ta wanda ya kayar faɗi? Aka tabbatar masa ta fi. Ya ɗaga hannu don gwaji, ya rufe fuskar mutum biyu, ya fita yana murmushi.

Motarsa ba ta gama fita daga lungun ba aka ga an turo ƙofar cikin gida, mata biyu sun ɗauko kujerar marigayi, baƙa, mai hannu, sun dire ta a bakin soro. Hajiya 'Yardada ba ta fito ba. Ta taga ta yi magana. Ta ce ya zauna, amma ya sani Jafaru yana da Gambo, Gambo yana da Jafaru. Shi fa, yanzu da ya hau kujera, wa zai gaya masa in ya shimfiɗa tasa ta baya?

Isyaku ya dubi teloli. Duk suka ce ai Manaja ba ya kuskure, sai alheri.

Bai kira taro ba, bai kaɗa ƙuri'a ba. Dama ana neman ƙarin mai guga saboda yawan aiki, sai ya sa Sabo ya yi cigiya, ya ce sharaɗi ɗaya ne: lallai ya zama Bazazzagi, don su ne Allah ya ɗora wa Kanawa kamar yadda ya ɗora wa Fulani Barebari. Aka samo wani baƙi dogo mai wushirya. Ranar da ya fara aiki ya zuba gawayi a dutsen guga, yana fifita shi yana ƙare wa Isyaku kallo daga wuya har takalmi.

"Bakano, kai ne manajan? A gidan ɗinkin babbar riga kake zaune da kwat kamar mai karɓar haraji. Tallar wa kake yi, ta telan Sabon Gari?"

Kekuna suka ɗan sassauta, kowa yana jira. Isyaku ya ji tsohon hafsan nan ya taso masa har maƙogwaro, da tsallen kwaɗo da komai. Ya haɗiye shi. Ya dubi kwat ɗin, ya dubi rigunan da ke rataye a bango.

Ya tashi daga kujerar marigayi ya je gaban teburin yanka, ya buɗe hannuwa, ya ce Baba Jafaru ya auna shi. Gambo ya ce a bari ya matso tukuna, kada Bafillace ya auna bencin.